Koya wa manhajar shifta kalmomin aikinka: me ake canzawa, kuma ina iyakar abin?

A watan Disambar 2023 kamfanin Microsoft ya sanar cewa zai jingine tsohuwar manhajarsa ta gane magana, wadda take cikin Windows tun zamanin Vista, ya maye gurbinta da wata mai suna Voice Access. Daga Satumbar 2024 sauyin ya tabbata a sababbin nau'o'in Windows 11. Mafi yawan masu kwamfuta ko a jikinsu. Amma masu rubutu da baki, wato waɗanda ke magana na'ura tana bugawa, sun ji abin, domin tsohuwar manhajar tana da ƙamus da mutum zai zuba kalmominsa a ciki, ko ya hana wata kalma fitowa, ita kuwa sabuwar sai a 2025 ta samu damar ƙara kalma. A daidai wannan tsakanin ne sababbin manhajojin shifta masu aiki da ƙirƙirarriyar basira suka yawaita, kowace tana cewa ba sai an koya mata komai ba, a buɗe baki kawai.

Daga nan ruɗani ya shigo. Idan na'ura ta kai wannan ƙwarewa, me ya sa har yanzu take kuskure sunan abokin aikin mutum? Me ya sa wani zai ƙara kalma abin ya gyaru, wani ya ƙara ya ga babu canji, wani kuma ya ƙara rubutunsa ya ƙara lalacewa? Amsar tana cikin yadda waɗannan manhajoji ke yanke hukunci a kan abin da suka ji.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Shifta a nan tana nufin mutum ɗaya ya yi magana da niyyar a rubuta abin da ya faɗa, yana kallon rubutun yana fitowa, yana iya gyarawa nan take. Ta bambanta da mayar da taron da aka naɗa zuwa rubutu, inda muryoyi ke da yawa kuma babu wanda ke magana don na'ura. Ta kuma bambanta da ba wa waya umarni, inda kalmomin da ake jira ba su da yawa.

Tsofaffin manhajoji, da wasu da ake amfani da su har yau, sassa uku gare su. Na farko sashen sauti ne, wanda ke yayyanka muryar mutum gutsi-gutsi yana kintatar ƙwayoyin sautin da ke ciki. Na biyu ƙamus ɗin furuci, wato dogon jeri da ke cewa kalma kaza ana furta ta da sautuka kaza da kaza. Fitaccen misali shi ne wanda Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta tattara, mai kalmomi sama da 134,000, dukansu an fayyace su da ƙwayoyin sauti 39 na Ingilishin Amurka. Na uku sashen hasashe, wanda ya karanci ɗimbin rubutu har ya san wace kalma ce ta fi bin wace. Idan aka ce "ranar Litinin da", ya san "safe" ko "yamma" sun fi "sanda" yiwuwa, ko da sautin bai fito sosai ba.

Abin da ake kira rumbun kalmomin manhaja shi ne wancan ƙamus. A irin wannan tsari, kalmar da ba ta cikinsa ba za ta taɓa fitowa ba, komai kyawun furucin mai magana. Kuma na'ura ba ta cewa ban gane ba. Za ta laluba ta ɗauko wadda ta fi kusa a sauti, wani lokaci ta fasa kalma ɗaya zuwa biyu ko uku, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Kowace kalma da aka ƙara fuska biyu gare ta: yadda ake rubuta ta, da yadda ake faɗin ta. Sau da yawa ba sa kama da juna. Sunan kamfani mai alama a tsakiya kamar AT&T, ko alamar sinadari kamar CO2, ba yadda za a yi na'ura ta gano furucinsu daga haruffa kaɗai sai an gaya mata. Wannan rabuwa ce ma ta ba da damar gajerar hanya: mutum ya ce "adireshin ofis", manhaja ta zubo cikakken adireshin layi uku.

Yadda aka taho

Tarihin wannan fasaha kusan tarihin girman ƙamus ne. Audrey, wadda aka ƙera a ɗakunan binciken Bell a 1952, lambobi daga sifili zuwa tara kawai take ganewa. Shoebox ta IBM da aka nuna a 1962 ta san kalmomi 16. Harpy ta Carnegie Mellon ta kai 1,011 a 1976, sannan Tangora ta IBM ta kai 20,000 a tsakiyar shekarun 1980. A 1990 kamfanin Dragon Systems, wanda James da Janet Baker suka kafa, ya fitar da DragonDictate a kan dala 9,000, kuma dole mai magana ya ɗan dakata bayan kowace kalma. Sai a 1997 Dragon NaturallySpeaking ta ba da damar yin magana a jere.

Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin riƙe kowace kalma a lokaci guda, don haka aka raba ƙamus biyu: wanda ke aiki, da na ajiya da ake ɗauko kalma daga cikinsa idan an yi gyara. Sabon mai amfani kuma sai ya zauna ya karanta wa manhajar dogon rubutu kafin ta saba da muryarsa. A wannan zamani ne al'adar "koya wa na'ura" ta kafu, kuma har yau mutane da yawa da wannan hoton suke kallon kowace manhajar shifta, alhali abin da ke ciki ya canza.

Manhajojin da ba su da ƙamus

Daga wajen 2014 masu bincike suka karkata ga wani tsari daban. Maimakon sassa uku, sai a horar da babbar ƙwaƙwalwar na'ura guda ɗaya da dubban sa'o'in magana tare da rubutunsu, ta koyi tafiya daga sauti kai tsaye zuwa haruffa ko guntayen kalmomi. A Maris na 2019 Google ya sa irin wannan a Gboard, manhajarsa ta allon buga rubutu, a wayoyin Pixel, yana aiki ko babu intanet. A Satumbar 2022 kamfanin OpenAI ya saki wata manhaja mai suna Whisper, wadda aka horar da sa'o'i 680,000 na sauti, kuma da yawa daga sababbin manhajojin shifta a kanta ko a kan makamantanta aka gina su.

Tunda da guntayen kalmomi suke aiki, waɗannan manhajoji za su iya harhaɗa kowace kalma, har wadda ba su taɓa gani ba. A ƙa'ida ke nan babu kalmar da ke wajen ƙamus, don babu ƙamus ɗin. To amma matsalar ba ta tafi ba, kama ta sauya. Duk lokacin da na'ura ta ji sauti, tana auna rubuce-rubuce da dama da za su iya dacewa da shi, ta zaɓi mai rinjaye. Wanda ta fi gani lokacin horo shi ne ke da rinjaye. Sunan da ta gani sau uku ba zai kayar da kalmar da ta gani sau miliyan ba idan sautinsu ya yi kusa.

Saboda haka "ƙara kalma" a sabuwar manhaja ba shigar da ita cikin wani jeri na dindindin ba ne. Ɗan ɗora mata nauyi ne a kan sikelin, don ta samu damar cin nasara idan aka zo zaɓe. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai ƙara kalma, ta fito daidai a jimla ɗaya, ta kuma ɓace a ta gaba. Ba mantawa na'urar ta yi ba, a jimla ta biyun wata kalmar ce ta fi ta nauyi.

Me ya sa kuskuren ke faɗawa inda ya fi ciwo?

Masanin harshe George Kingsley Zipf na Jami'ar Harvard ya yi fice da bayanin wani abu da ake gani a kowane harshe: 'yan kalmomi kaɗan ne ke maimaituwa ba iyaka, sauran dubbai kuwa jefi-jefi suke fitowa. Kalmomi irin su "da", "a", "na" su ne suka cika kowane shafi. Sunayen mutane, na magunguna, na sassan inji, na dokoki, duk suna can wutsiyar jerin. Na'ura ta fi ƙwarewa a kan na farkon, mai rubutu kuwa na biyun ne ya sa shi rubutun tun asali.

Wannan ya sa alƙaluman da kamfanoni ke tallatawa suke iya yaudarar mai saye ba tare da an yi ƙarya ba. Yadda ake aunawa shi ne a tara kalmomin da aka musanya, da waɗanda aka tsallake, da waɗanda aka ƙaro, a raba da yawan kalmomin da aka faɗa. Kowace kalma maki ɗaya gare ta. A wasiƙa mai kalmomi 100, idan uku suka kuskure, an samu kashi 97 cikin 100. Idan ukun nan "da" ne da "a" da "ta", babu wanda zai damu. Idan kuwa sunan mai karɓar wasiƙar ne, da sunan maganin, da adadin da za a sha, to wasiƙar ba ta da amfani, har ma tana da haɗari, kuma makin bai canza ba.

A fannin lafiya abin ba wasa ba ne. Hydroxyzine maganin ƙaiƙayi da fargaba ne, hydralazine kuwa na hawan jini. Celebrex na ciwon gaɓoɓi ne, Celexa na ciwon damuwa. Ko tsakanin mutum da mutum ana rikita su, har wata cibiyar kula da amincin magunguna a Amurka, ISMP, take ajiye jerin sunayen da ake yawan rikitawa. Na'ura ba ta san cewa mara lafiyar nan ba shi da hawan jini ba. Sauti take aunawa da abin da ya saba biyo baya.

Lamarin kamar sabon sakatare ne da ya iya harshe sarai, hannunsa kuma yana da sauri, amma yau ya fara aiki a ofis. Duk abin da aka faɗa na yau da kullum zai rubuta shi daidai. Sunayen abokan hulɗa da laƙabin ayyukan cikin gida ne za su ba shi wahala, kuma maganin wannan ba ƙarin karatun nahawu ba ne, takardar sunayen za a miƙa masa.

Hanyoyin da ake bi

Mafi sauƙi ita ce shigar da kalma ɗaya-ɗaya. Dragon na da wurin da ake rubuta kalma, a rubuta yadda ake faɗin ta, a kuma furta ta don manhajar ta ji. Voice Control na Apple, wanda ya zo a 2019 tare da iOS 13 da macOS Catalina, shi ma yana da wurin ƙara kalmomi. A wayoyi da yawa kuwa akwai wata hanyar da mutane ba su lura da ita ba: shiftar waya tana leƙa sunayen da ke cikin jerin lambobin mai ita, don haka gyara rubutun suna a can yakan gyara shi a shifta.

Hanya ta biyu ta fi wannan zurfi. Ana ba manhajar tsofaffin takardun mutum ko saƙonnin imel da ya aika, ta tsinto kalmomin da ba ta sani ba, ta kuma lura da waɗanda ke tafiya tare. Amfanin wannan shi ne kalma ba ta shigowa tsirara, tana zuwa da maƙwabtanta, kuma maƙwabtan ne ke taimaka wa sashen hasashe ya san lokacin da ya dace ta fito. Illarsa kuwa, duk kuskuren bugu da ke cikin tsofaffin takardun zai iya shiga a matsayin sabuwar kalma, idan ba a tace jerin ba kafin a amince da shi.

Masu gina manhaja a kan sabis na manyan kamfanoni suna da nasu ma'aunin a fili. Google na ba su damar aika jerin kalmomi tare da lambar nauyi, wadda a aikace ba ta wuce 20. Microsoft Azure na karɓar jerin da ya ce kada ya haura 500, idan ya fi haka sai a koma horar da manhaja ta musamman. Amazon Transcribe na da tebur da ake rubuta kalma da yadda ake so ta bayyana. Whisper kuwa ba ta da wurin ƙamus ko kaɗan. Abin da take karɓa ɗan rubutun share fage ne, wanda take ɗauka kamar maganar da ta gabata, kuma guntayen kalmomi 224 kawai take dubawa. Wanda ya zuba mata sunaye dubu, mafi yawansu ba za ta ma gan su ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa wurin "kalmomina" a wata sabuwar manhajar yake aiki da kyau da kalmomi ashirin, ya kuma raunana idan sun yi yawa.

Akwai kuma musanya bayan an gama: a ce duk inda rubutu kaza ya fito a mayar da shi kaza. Wannan ba ya taɓa yadda na'ura ke ji, gyaran takarda ne kawai. Yana aiki sosai idan kuskuren iri ɗaya ne kullum, ba ya aiki idan yau ta rubuta sunan haka gobe ta rubuta shi daban.

Ta ƙarshe, wadda ta fi tsada, ita ce sake horar da manhajar da sautuka da rubuce-rubucen wani fanni. Asibitoci da kotuna da manyan kamfanoni ne ke iya wannan, ko su sayi wadda aka riga aka horar, kamar Dragon Medical One ta likitoci da Dragon Legal ta lauyoyi.

Wani abu ƙarami da ke da tasiri: a manhajoji irin su Dragon, gyaran da aka yi ta hanyar da manhajar ta tanada shi ne take koyo daga gare shi. Wanda ya goge kalmar ya buga daidai da hannu, sau da yawa takardarsa kawai ya gyara, gobe kuskuren zai dawo.

Idan jerin ya yi yawa

A nan ne mutane da yawa ke garin neman gira su rasa ido. Tunda ƙara kalma ɗora nauyi ne, duk nauyin da aka ɗora wa ɗaya an rage wa maƙwabtanta a sauti. Wanda ya shigar da sunan Sani ya ba shi nauyi mai yawa, zai iya tarar da "ban sani ba" ta koma da babban baƙi a tsakiya, ko wata kalmar da ta ɗan yi kama da ita ta rikiɗe ta zama sunan. Google da kansa ya yi gargaɗi a bayanan sabis ɗinsa cewa ɗaga lambar nauyi na ƙara yiwuwar kalmar ta fito inda ba a faɗe ta ba. Gajerun kalmomi da gajerun laƙabobi su suka fi wannan ɓarna, don sautinsu na ɓoye a cikin kalmomi da yawa.

Sai kuma abin da jeri ba zai iya warwarewa ba: furuci ɗaya, rubutu daban-daban. Muhammad, Mohammed, Muhammed da Mohamed duk suna nan a takardun mutane, kuma kowa yana son a rubuta nasa yadda yake a fasfonsa. Idan ɗaya ne a cikin abokan hulɗar mutum, sai ya shigar da shi ya cire sauran. Idan uku ne, zuba dukansu a jeri bai gaya wa na'ura wanne ake nufi ba. Mafita ita ce a shigar da cikakken suna tare da na mahaifi a matsayin abu ɗaya, ko a ba kowanne furuci na daban da mai shifta zai riƙa amfani da shi.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke ƙara kalma bayan ta kuskure, ba kafin nan ba, suna kuma cire sunayen ayyukan da aka kammala. Cirewa na da amfani kamar ƙarawa. Idan akwai wata kalmar da mutum ba ya taɓa faɗa amma kullum ita ke ƙwace wurin wadda yake so, goge ta yakan fi ƙara wa ɗayar nauyi tasiri.

Masu cewa an wuce wurin, da masu cewa da saura

Ɓangare na farko suna da hujja. Yau mutum zai ɗauki waya ya yi shifta ba tare da ya karanta mata ko layi ɗaya ba. Tun a 2016 wani bincike na Jami'ar Stanford tare da Jami'ar Washington da kamfanin Baidu ya nuna cewa shigar da gajerun saƙonni da baki a waya ya ninka bugawa da yatsa sau uku a sauri a Ingilishi, kuskure kuma ya fi ƙanƙanta. Suna ƙarawa da cewa yanzu ana iya miƙa rubutun ga wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta daidaita shi bisa ma'anar zancen, har ma ta duba abin da ke kan allo ta gane sunayen da ake nufi. A ganinsu, zama ana tattara jeri aikin da ne.

Ɓangare na biyu suna cewa kalmomi ba sa jiran a horar da na'ura. A ranar 11 ga Fabrairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa sunan COVID-19. Babu manhajar da aka horar kafin ranar da ta san shi, amma cikin makonni kowane likita da ɗan jarida yana buƙatarsa. Haka sababbin magunguna, sababbin kamfanoni, sabon ma'aikaci da ya zo jiya. Wasu kalmomin ma ba za su taɓa shiga wani horo ba, domin a cikin ofis ɗaya kawai ake faɗin su. Suna kuma nuna cewa lokacin da Microsoft ya sanar da sayen Nuance, mai Dragon, a kan dala biliyan 19.7 a 2021, harkar lafiya ce babban abin da ya ambata, wato fannin da kalmomi na musamman suka fi yawa.

Game da barin wata manhajar ta gyara rubutun, damuwarsu ita ce irin kuskuren da ke fitowa. Tsohuwar manhaja idan ta kuskure, takan rubuta shirme da ido zai tsinta nan da nan. Sabuwa takan rubuta jimla mai santsi, mai ma'ana, wadda ba ita aka faɗa ba. Wani bincike da aka gabatar a 2024 ya gano cewa kusan kashi 1 cikin 100 na rubuce-rubucen da Whisper ta fitar a gwajin suna ɗauke da jimlolin da babu su a sautin kwata-kwata, abin da ya fi faruwa inda mai magana ke yin dogon shiru.

Idan aka auna, kowane ɓangare rubutun da ke gabansa yake kallo. Mai aika saƙonnin yau da kullum ba ya buƙatar jeri, in ban da 'yan sunaye. Mai rubuta rahoton asibiti, ko takardar shari'a, ko bayanin gyaran injin jirgi, buƙatarsa tana nan, kuma ƙwarewar na'ura a kan sauran kalmomi ta sa kuskuren da ya rage ya fi wuyar gani.

Abin da jerin kalmomi ba ya gyarawa

Idan matsalar a sashen ji take, ƙara kalmomi ba zai kai ko'ina ba. Hayaniyar ɗaki, makirufo mai nisa da baki, haɗiye ƙarshen kalma, duk waɗannan sukan ɓata sautin tun kafin a zo zaɓen kalma. Haka lafazin mai magana. A 2020 masu bincike a Stanford suka gwada manhajojin Amazon, Apple, Google, IBM da Microsoft, suka tarar matsakaicin kuskure ya kai kashi 35 cikin 100 ga baƙaƙen fatar Amurka, alhali kashi 19 ne ga farare. Sun danganta gibin da sashen sauti, wato ƙarancin irin waɗannan muryoyin a abin da aka yi horo da shi. Wanda lafazinsa bai samu wakilci ba zai iya amfana da shigar da furucinsa na wasu kalmomi, amma ba zai cike wannan gibin da jeri ba.

Haka batun harshe. Kusan kashi biyu cikin uku na sautin da aka horar da Whisper da shi Ingilishi ne, sauran harsuna kusan ɗari suka raba ragowar, kuma rabon wasu kaɗan ne ƙwarai. A harshen da na'ura ba ta ƙware ba, ba baƙin kalmomi kaɗai ke kuskurewa ba, har na yau da kullum. Masu gauraya harsuna biyu a jimla ɗaya, waɗanda su ne da yawa a duniya, suna da ƙarin wahala, domin manhajoji da dama harshe ɗaya suke jira a lokaci guda. Masu rubutu da haruffa na musamman kuma sai sun duba ko wurin shigar da kalma yana adana harafin yadda yake, ko yana mayar da shi na kusa da shi.

Sannan babu jerin da ke ɗauke wa mutum karanta abin da aka rubuta. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Network Open a 2018 ya duba bayanan asibiti 217 da likitoci suka yi shiftarsu. Rubutun da ya fito daga na'ura yana da kuskure kashi 7.4 cikin 100. Bayan ƙwararren mai buga rubutu ya duba, ya sauko zuwa 0.4, bayan likita ya sa hannu ya zama 0.3. Duk wurin aikin da ya sallami masu dubawa saboda an sayi manhaja, aikin duban bai ɓace ba, kan mai shiftar ya koma.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu lalurar da ta hana su amfani da hannu. Ga mai iya bugawa, kuskuren suna daƙiƙa biyu ne. Ga wanda da baki zai zaɓi kalmar, ya furta haruffanta ɗaya-ɗaya, ya koma inda ya tsaya, kuskure ɗaya da ke maimaituwa sau goma a wuni gajiya ce ta gaske. A wurinsu damar ƙara kalma ba ado ba ce, kuma su ne suka fi shan wuya idan aka sauya manhaja aka bar wannan damar a baya.

Jerin na wane ne?

Jerin kalmomin mutum yana faɗin abubuwa da yawa a kansa. Na lauya yana ɗauke da sunayen waɗanda yake karewa, na likita yana iya ɗauke da na marasa lafiya, na injiniya da sunan kayan da kamfaninsa bai fitar ba tukuna. Idan manhajar a kwamfutocin kamfani take aiki, jerin da muryar duk can suke tafiya. A 2019 aka bayyana cewa 'yan kwangila na sauraron wasu muryoyin da Siri da Alexa da Google Assistant suka naɗa domin auna inganci, har Apple ya nemi afuwa ya mayar da abin sai da amincewar mai waya. A Amurka dokar HIPAA ta 1996 ta shafi bayanan marasa lafiya, a Tarayyar Turai kuma dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 ta shafi sunaye da duk bayanan da za a iya gane mutum da su. Ma'aikacin da ya ba wata manhaja damar karanta imel ɗinsa don ta koyi kalmomi, zai iya keta ƙa'idar wurin aikinsa bai sani ba. Manhajojin da ke aiki a kan na'urar mutum, kamar Voice Control ko Whisper da aka sauke a kwamfuta, sun rage wannan damuwa, sai dai manyan nau'o'in Whisper na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi.

Ɗaya batun shi ne ɗorewa. A Oktoban 2018 Nuance ya daina sayar da Dragon ta kwamfutocin Mac, sannan ga abin da ya faru a Windows. Babu wani tsari guda da kamfanonin suka amince da shi na ɗaukar jeri daga wannan manhaja zuwa waccan, kuma abin da wata ta koya game da muryar mutum ba ya bin sa zuwa wata. Abin da ake iya ɗauka shi ne kalmomin kansu. Wanda ya ajiye su a fayil na rubutu zalla, kowace kalma a layinta tare da yadda yake furta ta, zai iya zuba su a Dragon, ko ya aika su ga sabis na Google ko Amazon bayan ɗan gyaran tsari, ko ya zaɓi mafi muhimmanci daga ciki ya sa a rubutun share fage na Whisper. Kafin mutum ya zaɓi sabuwar manhaja, yana da kyau ya duba ko tana barin a fitar da kalmomin da aka shigar, domin wasu na karɓa ne kawai.